Yadda za ka mayar da darasin Turanci na jami'a wurin koyon aiki

Duk lokacin da tafiya SIWES ta gabato, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni da ma'aikatu, ƙofar ofishina ba ta hutawa. Ɗalibi zai yi sallama ya shigo da takarda a hannu, ya gaishe ni, ya ce, "Malam, don Allah a taimaka a duba mini wannan wasiƙar kafin in kai." Wasiƙar neman gurbi ce a wani kamfani ko ma'aikata. Sau da yawa nakan gane fuskar: shi ne ya ci A a darasin Turanci na aji ɗaya, wanda a sabon tsarin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ake kira GST 111. Ya san rabe-raben jimla, ya haddace sassan magana, in ka tambaye shi ire-iren insha'i zai zayyano su ba gargada. Amma layi shida da zai faɗa wa manaja ko shi wane ne, me yake nema, daga yaushe zuwa yaushe, sun gagare shi.

Ban taɓa ganin laifinsa ba. Abin da muka koya masa ke nan, a kansa kuma muka jarraba shi. Yaron da aka kai wajen tela, a makon farko an ba shi dutsen guga, wata na biyu yana kalmasa, kafin shekara ya yanka wando da kansa. Mu kuwa sai mu shekara muna yi wa ɗalibi bayanin sassan keken ɗinki, ba mu taɓa barin ƙafarsa ta taka shi ba.

Na rubuta wannan jagora ce domin abokan aikina malaman Turanci, maza da mata, musamman masu fama da ajin GST (darussan gama-gari na dukan ɗalibai) mai ɗaruruwan ɗalibai. Abin da na gwada ne a aji, na ga inda ya yi da inda ya ƙi.

Da farko, me ake nufi da "aiki"?

Koyar da harshe ta hanyar aiki tsohuwar dabara ce. N. S. Prabhu ya gwada ta a makarantun kudancin Indiya, a wani shiri da aka fi sani da sunan birnin Bangalor, daga 1979 zuwa 1984, ya kuma rubuta littafi a kai a 1987. Yaransa ba su zauna haddar ƙa'idojin nahawu ba. An ba su jadawalin jirgin ƙasa da taswira, aka ce su gano jirgin da za a hau a isa gari kaza kafin ƙarfe kaza. Turancin ya shigo ne saboda sai da shi za a warware matsalar. Ya kamata mu lura cewa ajujuwan nasa cike suke, kayan aiki kuma allo ne da alli, domin wasu abokan aiki suna ɗauka wannan hanya ta masu aji mai mutum goma sha biyar ce da na'urar sanyaya ɗaki.

Rod Ellis, ɗaya daga cikin manyan masana fannin, ya kawo sharuɗɗa huɗu da nake auna kowane aiki da su. Hankalin ɗalibi ya kasance a kan saƙon da yake son isarwa. A samu giɓi, wato wani abu da ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, ko matsalar da sai an yi tunani. Ɗalibi ya yi amfani da Turancin da ke kansa, kada a tauna a ba shi. Sannan a ƙarshe a fito da wani sakamako da ake iya nunawa: shawarar da aka yanke, takardar da aka rubuta, jadawalin da aka tsara.

"Cike gurbi da kalmar da ta dace" atisaye ne, yana da amfaninsa, amma bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. "Rubuta insha'i a kan illar shaye-shaye" shi ma bai cika ba, domin babu mai jiran takardar sai malamin da zai ba da maki. Amma ka ce, "Ga takardun farashi uku, ga kuɗin da ke asusu, ku rubuta wa shugaba wanda za a ba kwangilar da dalilinku," ka ba da aiki. Kuma a cikinsa ɗalibi zai saurari wani, ya auna hujja, ya yi gardama cikin ladabi, ya cika wa'adi. Waɗannan su ne ƙwarewar da ke bin mutum duk inda ya je, banki ne ko asibiti ko gona ko shagonsa na kansa.

Mataki na ɗaya: fita ka nemo ayyukan a inda ake yin su

Wannan matakin aka fi tsallakewa, shi ne kuma tushen komai. Michael Long ya daɗe yana nanata cewa manhaja ta fara daga binciken abin da mai koyo zai yi da harshen a zahiri, sannan a sassaƙo ayyukan aji daga can. Mu malaman Turanci yawancinmu daga aji muka fito muka koma aji. Ba mu san takardar da ma'aikacin jinya ke rubutawa in zai miƙa aiki ga na dare ba, ba mu san yadda injiniya ke rubuta rahoton lalacewar inji ba. Da ɗan gari akan ci gari, don haka sai a tambayi masu yi.

Ba sai ka nemi tallafin bincike ba. Ka ware mako biyu na hutu. Ka nemi tsofaffin ɗalibanka goma ko goma sha biyar da suka kama aiki ko suke bautar ƙasa, ka tura musu saƙo ta WhatsApp. Kada ka tambaye su "wace ƙwarewa ake buƙata a wajen aiki?" domin amsar da za ka samu ita ce "iya sadarwa", wadda ba za ta tsinana maka komai ba. Ka ce musu: a makon da ya wuce, me ka rubuta da Turanci? Wa ka rubuta wa? Wace magana ka yi da Turanci da ta sa gabanka ya faɗi? Wane kuskure ka taɓa yi aka yi maka gyara a gaban mutane? In zai yiwu su turo maka hoton takarda ta gaske, bayan sun goge sunaye da duk wani sirrin ofis.

Daga nan ka leƙa ofishin SIWES na jami'arku. Shirin nan asusun horar da ma'aikata na ITF ne ya kafa shi tun 1973, kuma malaman da ke zagayen duba ɗalibai suna jin koke-koken masu kamfanoni kai tsaye. Ka roƙi a ba ka aron tsofaffin littattafan da ɗalibai ke rubuta aikin kullum a ciki. Za ka ga shafi bayan shafi an rubuta "observation", an tafi. Wannan kaɗai ya isa darasin mako biyu.

Na ƙarshe, ka tara tallan guraben aiki kamar ashirin daga jaridu da intanet, na fannonin da ɗalibanka ke karanta, ka ja layi a ƙarƙashin kowane aiki da aka ambata. Lokacin da na yi nawa, abubuwan da suka yi ta maimaituwa ba su da yawa: imel na neman wani abu ko bin bahasinsa, taƙaitaccen rahoto ga na gaba, rubuta abin da aka tattauna a taro, bayani da baki na minti biyu ko uku, amsa wa mai ƙorafi, da kuma ɗaukar magana daga Hausa a mayar da ita rahoton Turanci. Wannan na ƙarshen ban taɓa ganinsa a wata manhaja da na koyar ba, alhali malamin gona da ma'aikaciyar asibiti da mai karɓar kuɗi a banki a Arewa kullum shi suke yi.

Mataki na biyu: sassaƙa aikin ya dace da aji

Aikin ofis ba ya shiga aji yadda yake, sai an rage masa nauyi an kuma saka masa giɓi. Bari in kawo wanda na fi amfani da shi dalla-dalla, domin gani ya kori ji.

Wani asibitin sha-ka-tafi na karkara yana buƙatar sola domin firjin ajiye allurar rigakafi. Na shirya katuna biyar, alkaluman kuma ni na ƙirƙire su domin aji. Katin farko takardar farashi ce ta kamfanin da ya nemi naira miliyan 1.85, garantin wata shida, zai gama cikin mako ɗaya. Na biyu ya nemi miliyan 2.3, garantin shekara biyu, mako uku. Na uku miliyan 2.05, garantin shekara ɗaya, mako biyu, amma sai an biya shi duka kafin ya taɓa komai. Kati na huɗu daga akanta yake: abin da ke asusu miliyan 2.2 ne, kuma doka ta hana biyan fiye da rabi kafin a gama aiki. Na biyar takarda ce daga shugabar masu jinya, tana tunatarwa cewa zagayen rigakafi saura mako huɗu, kuma kayan da aka saka a baya sun lalace bayan wata takwas.

Kowane ɗalibi a rukuni kati ɗaya yake samu, kuma an hana shi nuna wa kowa. Sai dai ya faɗa da baki, sauran su saurara su rubuta. Cikin minti ashirin da biyar su yanke shawara, sannan su rubuta wa shugaban asibitin memo, wato gajeriyar takardar cikin ofis, da bai wuce kalma 150 ba.

Dubi abin da ke ciki. Babu wanda zai iya yin shiru, domin bayanin da ke hannunsa babu shi a wajen kowa. Wannan dabara ta rarraba bayani Elliot Aronson ya shahara da ita tun 1971 a Amurka, kuma ita ce maganin ɗalibin da ke laɓewa a bayan wasu. Sannan amsar ba ɗaya ba ce. Na ukun ya faɗi saboda dokar biya. Na farkon kuɗi sun isa, amma garantinsa gajere ne, ga shi an taɓa ƙonewa. Na biyun ya ɗara kasafi da dubu ɗari. Wasu rukunai sukan zaɓi na farko, wasu su ce a nemi na biyu ya yi ragi, wasu su ce a nemi cikon kuɗin daga kwamitin unguwa. Duk na karɓa muddin an kawo hujja. Ranar da na fara jin wata ɗaliba da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tana ce wa namijin da ke jagorantar rukuninsu ai lissafinsa bai yi la'akari da dokar akanta ba, na san aikin ya kama.

Prabhu ya kasa giɓi gida uku: na bayani, na tunani, da na ra'ayi. Shi ya fi fifita na tunani, ni ma abin da na gani ke nan. Aikin ra'ayi zalla, irin "ku tattauna matsalar rashin aikin yi", masu baki biyu ne za su cinye lokacin, sauran su koma waya.

In ka samu aiki ɗaya mai kyau, ka ɗaura masa 'yan'uwa su zama sarƙa. Bayan memo, mako na gaba a rubuta wa kamfanin da bai samu ba imel na ban haƙuri. Na gaba da shi, kamfanin da ya samu ya yi jinkiri, a buga masa waya a aji, mutum biyu-biyu, sun juya wa juna baya don kada su ga fuska. A zango guda sarƙa uku sun isa. Tawa ta biyu ta neman aiki ce: karanta talla, tsara CV da ya dace da wannan tallan takamaimai, wasiƙa, sannan intabiyu inda ɗalibai uku ke zama kwamiti. Zama a kujerar mai tambaya yana koya musu abin da lakca goma ba za ta koya ba, domin a nan suke jin yadda amsa marar kan gado take a kunne. Ta uku ita ce ta fassara: su yi hira da wani mai sana'a a harshen da yake ji, mai gyaran waya ko mai sayar da hatsi, su kawo rahoton shafi ɗaya da Turanci a kan matsala guda da ke damun sana'arsa.

Mataki na uku: tafiyar da awa biyun

Tsarin da Jane Willis ta fitar a 1996 shi nake bi, da ɗan gyara. Kashi uku ne: shiri, aikin kansa, sannan duba harshe. Yadda nake raba minti 120 ke nan.

Minti goma sha biyar na farko na shiri ne. Ka gabatar da labarin, ka tabbata kowa ya gane abin da ake so a miƙa da ƙarfe nawa. Ka rubuta kalmomi biyar ko shida da za su iya tare hanya, irin "warranty" da "upfront". In akwai samfurin memo ka nuna, amma na wani batu daban, in ba haka ba kwafe shi za a yi. Jarabar da ke kama malami a nan ita ce ya zarce da lakcar yadda ake rubuta memo har minti arba'in. Ka daure ka yi shiru.

Minti ashirin da biyar na aiki. Aji zai kaure da hayaniya, haka ake so. Ka zagaya da 'yar takarda kana rubuta abin da kake ji, daidai da kuskure, ba tare da ka tsayar da kowa ba. Wanda aka katse a tsakiyar jimla don gyaran "has" da "have" ba zai sake buɗe baki ba a ranar.

Minti ashirin na shirya rahoto. Nan ne ɗalibai ke neman ka da kansu, domin sun san za a karanta takardarsu a gaban jama'a. "Malam, yaya ake cewa kuɗin bai kai ba, amma cikin ladabi?" Amsar da ka bayar a wannan lokacin tana zama, saboda an ba da ita a daidai lokacin ƙishirwa.

Minti ashirin da biyar na gabatarwa. A ajin mutum ɗari uku rukuni sittin ne, ba za su gabatar duka ba. Nakan zaɓi biyar ta hanyar ƙuri'a, kuma ni nake nuna wanda zai yi magana a cikinsu, don kowa ya zauna cikin shiri. Sauran rukunai su yi musayar takarda da maƙwabta, kowanne ya amsa tambaya biyu a bayan takardar: in kai ne shugaban, ka gane abin da ake so ka yi? Wane bayani ne babu? Masu sauraro ma a ba su abin yi, misali su ƙirga rukunai nawa suka zaɓi kowane kamfani da dalilin da ya fi ƙarfi.

Minti ashirin da biyar na harshe. Masu sukar wannan hanya sukan ce ta yi watsi da nahawu. Nahawun yana nan, wurin zamansa ne ya sauya, ya dawo bayan an ji buƙatarsa. Ka ɗauko jimloli daga 'yar takardarka ka rubuta a allo ba tare da suna ba. Abu biyu ko uku kawai za ka taɓa. A aikin sola kusan kullum abubuwan su ne kwatanci, wato "more cheaper" da danginsa, da jimlar sharaɗi, da bambancin "you must" da "we recommend that" in ana magana da na gaba. Akwai kuma doguwar shimfiɗa. Ɗalibanmu sun taso cikin al'adar da ba a faɗa wa babba buƙata sai an gaisa an yi shimfiɗa, abu ne mai kyau, kuma ina faɗa musu haka. Sai dai memo na ofis yana son shawarar a layin farko, dalilai su biyo baya. Idan aka bayyana musu cewa wannan ma ladabi ne, na tattalin lokacin mai karatu, sukan karɓa da sauri.

Minti goman ƙarshe na ba da aikin gida ne: kowa shi kaɗai ya sake rubuta memon. Kada ka raina maimaici. Binciken Martin Bygate ya nuna cewa in mai koyo ya sake yin aikin da ya taɓa yi, harshensa kan inganta, domin hankalinsa ya huta da neman abin faɗa ya koma kan yadda zai faɗe shi. A ɓangaren magana akwai dabarar 4/3/2 da Paul Nation ya yaɗa: ɗalibi ya yi bayani ɗaya ga mutum uku daban-daban, minti huɗu, sannan uku, sannan biyu. Ba ta buƙatar lantarki ko majigi, kuma aji duka na yin ta lokaci guda.

Rukuni, kunya, da batun Hausa a aji

Kada ka bar ɗalibai su zaɓi rukuni da kansu, abokai za su taru, masu rauni su ware. Ka haɗa su da lambar rajista, mutum biyar-biyar, su zauna tare har sarƙa guda ta ƙare, sannan a sauya. A ba kowa muƙami mai juyawa: shugaba, magatakarda, mai kula da lokaci, mai gabatarwa, da mai tambayar "mene ne hujjarmu?" A ɗakin lakca mai kujerun da aka kafe, uku na layin gaba su juyo su fuskanci biyu na baya, shi ke nan.

Game da haɗa maza da mata, ni ina haɗawa, domin wajen aiki haka za su tarar. Amma ba na jefa mace ɗaya tilo cikin maza huɗu, aƙalla su zama biyu. Kuma ina lura kada muƙamin magatakarda ya maƙale a hannun mata zango guda yayin da maza ke ta gabatarwa.

Za ka ji Hausa a rukunai, ko ka hana ko ba ka hana ba. Da na fara ina yaƙi da hakan, daga baya na sassauta. Ƙa'idata yanzu ita ce: bayanin kati da Turanci, rahoto da Turanci, amma in gardama ta yi zafi aka zame zuwa Hausa na minti ɗaya don a fahimci juna, ba na cewa komai. Sharaɗi guda ne ba na ɗaga ƙafa a kai. In akwai wanda ba ya jin Hausa a rukunin, to Turanci ne daga farko har ƙarshe, domin ware abokin aiki da harshe mummunar ɗabi'a ce da bai kamata su tafi da ita ofis ba.

Mataki na huɗu: maki

Ɗalibi inda maki yake nan yake kai ƙarfinsa, kuma yana da gaskiya. In ka yi ayyuka zango guda sannan makin duka ya fito daga tambayoyin zaɓi a kwamfuta, a mako na huɗu za a daina zuwa ajinka. A jami'o'i da yawa jarrabawar GST ta ƙarshe ta gama-gari ce, ba ka da iko a kanta. Amma makin gwajin cikin zango, 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon jami'a, galibi yana hannunka. A wajena 30 ne, ga yadda nake raba shi: 10 na takardun rukuni, 12 na jakar aikin kowane ɗalibi, wato takardu uku da ya sake rubutawa shi kaɗai haɗe da zubin farko, 5 na magana, 3 kuma na shaidar abokan rukuni.

Wajen duba takarda, tambayar farko ita ce ko ta biya buƙata: in aka aika ta, za a yi abin da ta nema? Sannan tsari, sannan dacewar lafazi da wanda aka rubuta wa, sannan ingancin nahawu. Ka ba ɗalibai wannan ma'auni tun makon farko. Takarda mai tsabtar nahawu da ta manta faɗin ranar da ake buƙatar kayan ba ta kai wadda ke da kuskure uku amma ta faɗi komai ba, kuma ya kamata makin ya nuna haka.

Nauyin dubawa gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Abin da ke rage shi: takardun gajeru ne, na rukuni sittin ne maimakon ɗari uku, jakar aiki kuma sau ɗaya ake karɓa, ka zaɓi takarda guda a ciki ka duba da kyau, sauran ka tabbatar suna nan. Makin magana ana iya karɓarsa ta saƙon murya na minti biyu, wakilin aji ya tattara.

Sai batun ChatGPT da ire-irensa. Imel da memo su ne abin da waɗannan manhajoji suka fi iya rubutawa, don haka duk aikin da aka tafi da shi gida sai ka ɗauka an nemi taimakonsu. Shi ya sa zubin farko a aji ake yin sa, da biro, in sa hannu a kai kafin a fita. Wani lokaci kuma nakan kawo memon da manhajar ta rubuta a kan aikin sola in ce su nemo abin da ta rasa ko ta ƙara daga kanta. Iya tantance irin wannan rubutu ya riga ya zama ɓangaren aikin ofis.

Mataki na biyar: sa ɗalibi ya san abin da ya iya

Na taɓa tambayar wani ɗalibi da ya jagoranci rukuninsa da kyau ko ya taɓa shugabantar wani aiki. Ya ce a'a. A ganinsa abin da ya yi "darasin Turanci" ne kawai. Ranar intabiyu kuwa ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi, kuma wanda bai san abin da ya iya ba ba zai faɗe shi ba.

Saboda haka a ƙarshen kowace sarƙa nakan ba da minti goma, kowa ya rubuta layi huɗu da Turanci: halin da aka shiga, abin da aka ɗora mini, abin da na yi da kaina, da yadda aka ƙare. "Mun saɓa a kan kamfani biyu, lokaci saura minti biyar, na ce kowa ya kawo hujja ɗaya a rubuce, muka zaɓa da rinjaye." Wannan amsa ce da za a iya bayarwa a gaban kwamitin ɗaukar aiki, kuma gaskiya ce. Takardun nan suna shiga jakar aiki, ina kuma roƙonsu su adana ta har bayan bautar ƙasa.

Kafin ka shiga aji da shi

Ka sanar da shugaban sashe ko mai kula da GST tun da wuri, don kada hayaniyar ajinka ta isa kunnensa kafin bayaninka. Ka je da takardar kwas a hannu ka nuna masa inda kowane aiki ya taɓa abin da manhaja ta lissafa: rubutun wasiƙa, taƙaitawa, sauraro, magana a gaban jama'a. Tsarin manhajar jami'o'i na CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya bar wa jami'o'i kashi 30 cikin 100 na manhaja su tsara da kansu, kuma ya ba da muhimmanci ga ƙwarewar da ake buƙata a wajen aiki, don haka kana da madogara.

Su ma ɗalibai sai an yi musu bayani. Wasu za su zo su ce, "Malam, yaushe za a ba mu handawut?" Ka ba su taƙaitaccen rubutu na abin da aka duba a ɓangaren harshe bayan kowane aiki, ka kuma ware mako biyun ƙarshe domin bitar jarrabawar gama-gari, hankalinsu zai kwanta.

A zangon farko kada ka sauya komai da komai. Sarƙa ɗaya ta mako uku ta isa gwaji. Ka buga katunan rukuni sittin a takarda, kati biyar a shafi guda, ka yanka ka ɗaure kowane saiti da roba tun daren jiya, ka ba wakilan aji huɗu su raba layi-layi yayin da kake gabatar da labarin. In an tashi, kafin ka bar ɗakin, ka rubuta a bayan katinka abin da ya ɗauki lokaci fiye da yadda ka zata da tambayar da aka fi yi maka, domin da su za ka gyara katunan kafin aji na gaba.